Tukunyar Barau

Ni ne Barau mai shayi, bakin tashar Harbo,
teburina ƙafa uku, ta huɗun bulo ne.
Shekarar da aka rufe kasuwanni,
aka ce kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle,
sai na wayi gari ba na jin ƙanshin komai.
Na shinshina kanumfari, kamar na shinshina tsakuwa.
Mai shayin da hancinsa ya mutu
ai makaho ne a bakin rijiya.

Inna Tabawa ta ɗora tukunya.
Citta ta daka da ɓawonta,
masoro, kimba biyu, tafarnuwa,
zogalen da ta shanya a inuwa,
tsamiyar da ta kwana a ruwa,
sai zuma, in akwai.
Ba ta auna komai ba,
tafin hannunta ne mudu.
Kwana tara ina kurɓa ina zufa.
Ran na goma hayaƙin murhu ya shigar mini hanci,
na zauna ina hawaye, ba don yajinsa ba.

Daga nan tukunyar ta hau teburina.
Direbobi suka sha, 'yan acaɓa suka sha,
Gwadabe tela ya sha ya miƙe.
Alhaji Cindo ma ya sha, kofi biyu kullum,
shi kuwa ran Laraba muka raka shi makwanci.
Wannan ba na faɗa wa masu saye.

Bayan damina biyu, an gama noman farko,
sai ga Sakina 'yar Gwadabe daga Dutse
da ɗan sikeli da kwalabe masu shuɗin murfi.
Ta durƙusa gaban Inna tana rubutu:
citta nawa? wuta ta minti nawa?
Inna ta yi dariya har ɗankwali ya zame,
"Yarinya, har yau ban ga wanda ya auna miya ba."
Ta dai bari aka ɗiba.

Wata bakwai shiru.
Ni kuwa na riga na sayi fenti ja
da falle ɗaya na katako,
na haddace abin da zan rubuta:
MAGANIN KORONA, da manyan baƙaƙe.

Ta dawo ran kasuwa, ta zauna kan benci.
"Baba Barau, a cikin farantin gilashi
ruwan tukunyarka ya ɗan rage wa ƙwayar kuzari.
Ɗan kaɗan. Kuma ba kowane gwaji ba."
Na miƙa hannu zan ɗauko fenti.
Ta ce, "Dakata.
Faranti ba shi da hanta, ba shi da hanji,
ba ya tari da tsakar dare.
Ko sabulu yana kashe ta a faranti,
za ka dama wa mutane sabulu?
Daga gilashi zuwa ƙirjin mutum
tafiya ce, kuma ko garin ba mu fita ba."

Na ce, to ni me ya tashe ni?
Ta juya kofinta a hannu.
"Wataƙila tukunyar. Wataƙila kwana goman.
Wataƙila Inna da ta hana ka kwana da yunwa.
Mu dai har yanzu tambaya muke."

Da dare na kasa barci.
Na tuna kofin Alhaji Cindo, mai tsaga a baki,
yana nan a kwando, ba wanda nake ba wa.

Da safe na rubuta:
SHAYI MAI CITTA, YANA ƊUMAMA ƘIRJI.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
mai tari da zazzaɓi ya je asibiti,
in ya dawo, tukunya tana kan wuta.

Fentin ya yi saura.
Na shafa wa bulon.